Ƙawar da Na Ce Babu Ita

Shekarar da aka ce kowace makarantar gwamnati ta ware malami ɗaya da zai riƙa sauraron damuwar ɗalibai, ni aka zaɓa a tamu, kuma har yau ban yarda don alheri aka zaɓe ni ba. Shugabar makaranta ta ce wai ni na fi kowa sanin yaran ciki da waje. Na gane abin da take nufi. Ni ce mai tsayawa bakin ƙofa ina kama 'yan makara, ni ce mai gane takardar asibitin da yarinya ta rubuta wa kanta, ni ce mai jin motsin waya a ƙarƙashin hijabi daga bayan aji. So take ta raba ni da bakin ƙofa, don iyaye sun fara kawo ƙarata.

Ban musa halina ba. A Jega Firchin na tashi, gidan ɗan kasuwar albasa, kuma tun ina ƙarama nake ganin babana in an kawo masa buhu ba ya kallon na sama, sai ya zura hannu har gwiwa ya zaro ta ƙasa. Haka na ɗauki mutane, kuma ina alfahari da cewa ba a yi mini wayo.

Makarantar tamu ta 'yan mata ce, ta jeka-ka-dawo, a kan hanyar Jega zuwa Aliero. Daga can aka tura ni bita ta kwana uku a Birnin Kebbi. Wata mata mai tabarau ce ta koyar da mu, tana magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Ta yi bayanin ciwon damuwa, da yadda yake hana yaro barci da cin abinci da karatu, da yadda ake riƙe sirri. Rabin abin da ta faɗa na saurare shi da kunne ɗaya, don ina ganin ba ta taɓa tsayawa gaban aji mai yara fiye da kujeru ba. Amma abu ɗaya ya shige ni. Ta ce sau da yawa in yaro ya zo ya ce abokinsa ne ke da matsala, kansa yake nufi, kunya ce ta hana shi fitowa fili. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu. Ban rubuta “sau da yawa” ba.

Da na dawo aka share mini tsohon sito, aka ture karyayyun bencuna gefe, aka rataya labule. Na yi mako uku ina zama a ciki lokacin hutun tara, ba wadda ta leƙo. Ban ga laifinsu ba. Sun ɗauka sabon tarko ne, kuma da ni ce su, ni ma haka zan ɗauka.

Wadda ta fara ɗaga labulen, ita ce ta ƙarshe da zan yi zato. Wata doguwar yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, daga Jandutsi take zuwa, mai surutu da dariyar da ake ji daga ofishin shugaba. Sau biyu ina ƙwace mata ƙuli-ƙulin da take sayarwa a aji. Ta gaishe ni, ta ƙi zama.

“Malama, aiko ni anka yi.”

“Wa ya aiko ki?”

“Ƙawata ta. Ta ce kar in hwaɗi sunanta.”

Na ajiye biro na gyara zama. A raina na ce, to ga shi nan, kamar matar nan ta gani a mafarki.

Yarinyar ta jero saƙon kamar mai biya hadda, idonta na kan bango. “Ta ce ba ta iya kwana. In ta buɗe littahi, ƙirjinta shina ɗaurewa awa an aza mata dutsi. Abinci sai an matsa mata. Ta ce ta gaji, da za ta kwanta ba ta tashi ba, da ta huta. Kuma ta ce in tambaye ki, in mutum ya hwaɗa miki magana, nan take tsayawa?”

“Nan take tsayawa,” na ce.

Maganar kwanciya ba tashi ta tsorata ni, ba zan ɓoye ba. A bita an ce mana ita ce wadda ba a wasa da ita. Akwai yarinya a makarantarmu da ke tunanin barin duniya, ga jarrabawar fita saura wata huɗu, kuma aikina ne in kai gare ta kafin wani abu ya faru. Sai dai ni a ganina na riga na kai gare ta, ga ta tsaye a gabana. Na sassauta murya yadda aka koya mana, na ce, “Ɗiyata, ni da ke mun san ƙawag ga. Zauna ki gaya min abin da ke damunki.”

Ta dube ni a karon farko. “Wallahi Malama ba ni ba ta.”

Na daɗe da sanin cewa yarinya in ta yi saurin rantsuwa, akwai abin da take rufewa. Na yi murmushi na ce ta tafi, ƙofa a buɗe take duk ranar da ƙawar tata ta shirya.

Daga ranar na sa mata ido. Lokacin tara na ga ta sayi awara ta cinye, har ta sa hannu a ta wata. Na ce ta san ina kallonta ne. Na ji dariyarta a bayan ajin, na tuna an ce wasu da dariya suke rufe abin. Da ta yi shiru rana ɗaya na ce ga alama ta fito, da ta koma surutu na ce ta gane ta yi sake. Ba abin da za ta yi ya wanke ta a wurina.

Kwana biyu da zuwanta na ga idona kaɗai ba zai isa ba, sai na kira monitar ajinsu. Wannan ita ce yarinyar da duk malamai muke misali da ita. Daga wajen Aliero take zuwa, gidan manoman albasa. Ita ke ta ɗaya tun shigowarta, hijabinta kullum a goge, magana sai an tambaye ta. A ƙarshen zangon da ya wuce ƙanwarta ƙarama ta rasu, ta dawo makaranta bayan addu'ar uku, muka yi mata gaisuwa, muka yi ta yaba haƙurinta a ɗakin malamai. Duk mako sai ta rubuta sunan 'yar Jandutsi a cikin masu surutu, don haka na tabbata ba abin da ya haɗa su, ba za ta rufa mata ba.

Na zaunar da ita na gaya mata komai. Rashin barcin, dutsen a ƙirji, maganar kwanciya ba tashi, ban rage ko ɗaya ba. Na ce ta lura mini da yarinyar, abin da take ci, da wa take magana, ko tana kuka a ɓoye. Har da ƙarawa na yi, ina dariya, “Wai ƙawatta. Ni za ta yi ma wayo.”

Tana riƙe da gwangwanin alli, tana jera allin a ciki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Malama, in da gaske akwai ƙawat hwa?”

“Da akwai ta, da ta taho da ƙahwatta. In abin ya ci gaba, sai in kira ubanta.”

“To, Malama,” ta ce, ta rufe gwangwanin ta fita.

Duk Juma'a takan zo ta tsaya bakin labule ta ce, “Lahiyatta lau, Malama.” Mako na uku na fara zargin ita ma an saye ta da ƙuli-ƙuli. Na ga ta rame, na ga idonta ya faɗa, na ce karatun jarrabawa ne, har na yi wa sauran gori da ita.

Da na ga ba abin da ke fitowa, na aika a kira uban 'yar Jandutsi. Ya zo a kan babur, taɓon fadama har ƙaurinsa, hankalinsa a tashe don ya bar injin ban ruwa a hannun maƙwabci. Na yi masa bayani a kaikaice, na ce yarinyar ba ta barci, tana maganganun da ba su dace ba. Ya dube ni da mamaki.

“Malama, ɗiyag ga da sai an zuba mata ruwa take tashi da sahe?”

Na ce iyaye su ne na ƙarshen sani. Mutumin kirki ne, ya ɗauki maganata da nauyi don ni malama ce. Ya kai ta wurin wani malami aka yi mata addu'a, aka ba ta rubutu ta sha kwana bakwai. A ƙauye ba a ɓoye irin wannan. Kafin mako ya zagayo labari ya biyo 'yan garinsu ya shigo makaranta, aka fara ce mata mai iskoki, waɗanda ke sayen ƙuli-ƙulinta suka daina. Ta zo ta same ni, ba gaisuwa.

“Malama, kin ɓata min suna. Kuma wadda ta aiko ni ta ce in bar maganar, ba ta son komi.”

Na ce a raina ja da baya take yi don an taɓa inda ke ciwo. Har na ji daɗin kaina, na rubuta a littafina cewa an samu ci gaba.

Ana tsakiyar cirar albasa muka yi jarrabawar gwaji. Ni ke koyar da labarin ƙasa. Ina duba takardu sai na ci karo da ta monita, sunanta da lambarta a sama, ƙasa fari fat, ko layi ɗaya babu. Abin da ya fara zuwa mini shi ne an sauya mata takarda. Na ce hassada ce, wata ta zare ta gaskiyar ta sa wannan. Na yi kwana biyu ina bin diddigi, na tsare malamin da ya tattara takardun da tambayoyi har ya yi fushi, na gwada rubutun sunan da na 'yan mata huɗu da ke bin ta a maki. Ita kanta ban tambaye ta ba, don ban so ta ji an yi mata haka hankalinta ya tashi.

Ranar Litinin monita ba ta zo ba. Talata ma haka. Ranar Laraba saƙo ya zo daga gida cewa ba ta da lafiya, an kai ta Liba wurin kakarta ta huta. Ina zaune a sito lokacin tara sai 'yar Jandutsi ta ɗaga labule, ba ta shigo ba.

“Malama, kina son ganin ƙawat tawa? Ki tai aji ki duba. Ga bencinta can gaba, ba kowa bisa.”

Ta saki labulen ta tafi. Kunya na ji kafin tsoro, sannan tsoron ya zo ya danne ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wani sabon abu ba ne a wurina. A gidanmu innata ba ta taɓa kai wa babana magana mai nauyi da bakinta ba, goggonmu take aikawa. Ni kaina da na so ci gaba da karatu bayan sakandare, ban iya tsayawa gabansa ba, uwar ƙawata na roƙa ta je ta faɗa. Haka muke yi. Mai abu ba ya zuwa da kansa tun farko, yakan aika wanda ya yarda da shi ya taɓa ƙofar ya ji ko za ta buɗe. Na san wannan tun kafin in san karatu, amma na ajiye shi don layi ɗaya da na rubuta a bita, saboda layin ya yi daidai da halina. Daga baya na ji cewa iyayensu mata 'yan gida ɗaya ne a Liba, su biyun ƙawaye ne tun suna goye, har kayan sallah suke kai wa juna. Rubuta suna a cikin masu surutu aikin monita ne kawai take yi.

Ranar Asabar na shiga motar Maiyama, na sauka a hanya na hau kabu-kabu zuwa Liba. Zafi ya fara, ko'ina a bakin titi ana ɗura albasa a buhu. Kakar ta karɓe ni a ƙarƙashin rumfa ta ba ni ruwa. Tsohuwa ce mai kaifin ido, ta bar ni na gama gaisuwa sannan ta ce, “Ke ta malamat?” Yadda ta faɗa na san labarina ya riga ni zuwa.

Ita ta gaya mini abin da ba mu sani ba a makaranta. Ranar da ƙanwar ta rasu, ana dashen albasa, duk gidan suna fadama. An bar wa monita yarinyar ta kula da ita a gindin bishiya. Washegari tana da jarrabawa, sai ta buɗe littafi. Da ta ɗaga kai ba yarinya. A ramin da aka haƙa don ban ruwa aka same ta. Ba wanda ya ce mata ke kika jawo. Aka ce ƙaddara ce, aka yi haƙuri, bayan kwana uku kowa ya koma gona don albasa ba ta jiran makoki. Uwar ba ta sake ambaton sunan ƙaramar ba, monita kuma ta ɗauki shirun uwar a matsayin hukunci. Wata huɗu tana buɗe littafi tana ganin ramin. Abin da ya sa aka kawo ta Liba, uwar ce ta ga tana yawan tsayawa a ɗakin da ake ajiye maganin feshi, ba abin da ya kai ta.

Monita tana cikin ɗaki a kan tabarma, ta jingina da bango. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta zauna. Ban san ta inda zan fara ba. Na ce, “Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗa min ke ta?”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. “Malama, na aiko a tambaye ki in magana tana tsayawa wurinki. Kinka ce tana tsayawa. Ba ta yi kwana ukku ba ta dawo hannuna, ba abin da ya ragu cikinta.”

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da yaro ke ce wa babba don ya tashi ya tafi. Sannan ta ce, “Ita za ki ba haƙuri. Ita anka ce ma mai iskoki.”

Abin da ya rage da zan iya yi, na yi shi ta hanyar da ya kamata in bi tun farko. Na roƙi kakar kada a bar ta ita kaɗai, a kuma kawar da duk abin da zai cutar. Ban tunkari ubanta ba. Na je wurin tsohon malamin da ya koya masa karatun allo, na zauna daga bakin zaure na yi masa bayani, na ce yarinyar na bukatar likita tare da addu'a, kuma tana bukatar ta ji daga bakin iyayenta cewa ba su ɗora mata ba. Malamin ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai kira shi bayan la'asar. A makon aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka ba ta magani da ranakun komawa. Uwar ta je Liba ta yi kwana biyu. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ba a gaya mini ba, kuma ban tambaya ba.

Na je Jandutsi na ba uban doguwar yarinyar nan haƙuri, na ce kuskurena ne, ɗiyarsa ƙalau take. Ya ce ai dama ya faɗa mini. Na tsaya gaban ajinsu na ce na yi kuskure a kanta, ban ce komai a kan kowa ba. Wasu suka yarda, wasu suka ce rufa mata nake yi. Sunan bai gama barin ta ba har ta fita makarantar.

Na yi ta sa rai monita za ta dawo kafin jarrabawa. Likita ya ce a bar ta tukuna, kada a matsa mata da littafi. Ranar takarda ta farko aka jera kujeru a babban ɗaki, kowace an rubuta mata lamba da alli. Tata tana layi na biyu, kusa da taga, har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Da na saurari saƙon yadda aka kawo shi, da wata huɗu muke da shi na neman magani, kuma ina ganin da ta zauna a kujerar nan. Wannan ban tabbata ba, amma shi nake kwana da shi.

Da aka fito na hango 'yar Jandutsi tana sa takalmi a bakin ƙofa. Na san ta je Liba a ƙarshen mako. Na matsa kusa da ita yadda ba wanda zai ji, na ce, “Yaya jikin nata?”

Ta gama ɗaura takalmin, ta miƙe, ta dube ni ba fushi ba fara'a.

“Ta ce in kin tambaya, in ce miki lahiya lau.”

Na ce madalla. Na tsaya ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.